Matar da Ta Goyi Ɗan Likita

Talata: Madawa zuwa Buza

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga gida, da jaka a kafaɗa, da takardu goma sha biyu na Faransanci a cikinta, da ciwon gwiwar da ya bi ni ritaya ba tare da na gayyace shi ba. Maiɗakina ta rako ni har zaure, tana tambayata karo na uku ko da gaske saboda kiɗa zan yi wannan tafiya. Na ce saboda kiɗa. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa wanda kansa ya fara kwancewa addu'a.

Ga abin da ya fitar da ni. Ɗan ƙanena Lawali yana karatu a Faransi, kuma da yake karatu ba ya cika ciki, yana tsaron ƙofa a wani gidan kaɗe-kaɗe. A can ya san wata dattijuwa, ɗiyar wani shahararren mai tsara kiɗan Turawa, irin kiɗan nan da mutum sittin ke zama da goge manya da ƙanana, wani ya tsaya a gabansu yana kaɗa tsinke. Uban nata ya rasu, tana rubuta littafi a kan ƙuruciyarsa. Ashe a nan Madawa aka haife shi, zamanin mulkin mallaka, lokacin da ubansa ke likita a bariki. Lawali, don neman suna, ya ce mata yana da baba wanda ya san kowa a ƙasar Adar, tun daga sarakuna har masu kiwon jakuna. Ni ke nan. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a lakwal, ban taɓa samun shaida mai kyan wannan ba.

Suka aiko mini babi na farko, na karanta shi sau biyu. Akwai sunan jirgin ruwan da ya kawo iyayen yaron. Akwai sunan wanda ya ƙera fiyanon uwarsa, akwai sunan dokin likita, akwai sunan karen gidan har da cutar da ta kashe shi. Matar da ta shayar da yaron kuwa, ta goye shi shekara shida, layi ɗaya aka ba ta: wata baƙar mata, ba a san sunanta ba. Ƙarshen wata za a kai littafin wurin bugawa. Idan ban samo sunan ba kafin nan, haka za ta shiga littafi, bayan kare. Wannan ne ya ɓata mini rai har na ɗauki jaka, ba roƙon Lawali ba.

Abu uku nake riƙe da su. Na farko, kiɗan mutumin mafi shahara, minti bakwai, a cikin salulata. Na biyu, sunan kiɗan, wato Tanoma. Littafin ya ce sunan da matar ke kiran yaron ke nan, kuma wai ma'anarsa yariman sahara. Na yi dariya har na ƙware. Ko awakin Adar sun san Tanoma sunan mace ne, wadda aka haifa ana noma. Na uku, an ce mini ɗan tsohon kukun barikin yana nan da rai a Buza.

A tasha direba ya rantse mini saura mutum ɗaya mota ta tashi. Wannan mutum ɗayan ya yi awa biyu da minti ashirin bai iso ba, da ya iso kuma sai ya zo da tunkiya. Ƙarfe bakwai da minti arba'in muka kama hanyar arewa, mu goma sha tara a motar mutum tara, jika biyu, wato sefa dubu biyu, kowane kai. A shingen bakin gari jandarma ya karɓi kardantena, wato katin shaidata, ya tambayi dalilin tafiya. Na ce bincike kan kiɗa. Ya ce in kunna ya ji. Na kunna, ya saurara minti guda cur da kunne a karkace, sa'an nan ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu.

"Mushe, yaushe za su hwara?"

Na ce ai sun fara tuni. Ya miƙo mini kardantena da hannu biyu, cikin tausayi, ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Maƙwabcina a mota, wanda gwiwarsa ke cikin haƙarƙarina, wani Malam Yohanna ne, ma'aikacin jinya a asibitin mishan, kuma shi ke jan waƙa a majami'arsu. Ya roƙi in sake kunnawa, ya manna salular a kunne ya rufe ido. Can sai na ga yana bubbuga cinyarsa da tafin hannu, a hankali, ba sauri ba tsayawa.

"Mushe, ka bar ƙarar gogen nan duka, ka ji abin da ad ƙarƙashi. Wanga ai bugun bayan jinjiri na, in ana son shi yi kwana."

Na saurara, na ji haka ne. Sati biyu ina jin kiɗan nan a matsayina na mai ilimi, sai da na shiga tsakanin ma'aikacin jinya da tunkiya na fahimce shi. Kilomita hamsin da 'yan kai muka yi cikin awa biyu da kwata, muka sauka Buza goma saura biyar.

Buza

Alhaji Idi, ɗan kukun, na same shi a rumfar ƙofar gidansa. Ya haura tamanin, amma bakinsa bai san da haka ba. Shayi uku muka sha, na ji tarihin takalmin likita, da yadda ake dafa masa zabuwa da man shanu, da ranar da fiyanon madam ya iso bisa raƙuma biyu, rabin mutanen gari suka bi shi suna zaton akwatin gawa ne. Sai da azahar ta gabato na samu na cusa tambayata.

Ya ce ubansa ya ba shi labarin. Matar likita ta haihu, nono bai zo ba, yaro yana ta ƙanjamewa. Aka aika ƙasar Keita a nemo mace mai jego, mai lafiya. Ba roƙo aka yi ba, a zamanin nan bariki ba ta roƙo. Aka kawo ta bisa jaki, zanenta jiƙe da nono, ba jariri a bayanta.

"To ina jaririnta?" na ce.

"Wa at tambaya, Mushe? Nono anka aika a kawo."

"Sunanta fa?"

Ya daɗe yana sosa ƙeya. Ya ce ubansa Ba'adara yake ce mata, madam kuma ba ta ce mata komai, tafi take yi. Ya shawarce ni in je Keita wurin Nomau, tsohon mai goge, wanda ya yi wa kowane gida kiɗa a zamaninsa, ya san wa ya haifi wa.

Na sauka gidan wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ne darektan lakwal. Na tuna na taɓa rubuta masa a takarda cewa ba zai zama komai ba, shi ma na ga alamar ya tuna, don ya cika mini akushi da tuwo da miyar kuka da naman kaza har na ji kunya. Bayan la'asar na zauna a inuwar bishiyar bedi na sake bin sauran babin. Yaron yana da shekara shida aka mai da shi ƙasarsu, aka ajiye shi wurin wata gwaggonsa a wani gari mai sanyi da ruwan sama. Wata uku bai yi magana da kowa ba. Aka sa shi cikin yaran da ke waƙa a coci, wani tsoho makaho ya koya masa babban fiyanon nan mai bututu, daga nan ya ci jarrabawar babbar makarantar kiɗa ta babban birninsu, inda wani malami ya yi shekara biyar yana gaya masa kunnensa ya lalace tun a Afirka. A ƙarshen babin an jera waɗanda suka yi masa tasiri: fiyanon uwarsa, makahon nan, wasu Jamusawa uku da suka mutu tun kafin a haifi kakansa, ƙararrawar coci, da kuma iskar Sahel. Iska ma ta samu shiga. Na duba sama da ƙasa ko an rubuta wane yare iskar ke waƙa da shi, ban gani ba.

Laraba: Buza zuwa Keita

Ƙarfe shida da rabi na samu gaban wata buɗaɗɗiyar mota mai ɗauke da buhunan albasa, jika biyu da rabi. Direban, Ɗan Jumma, ya ce gaba na manya ne, ya buɗe mini ƙofa da igiya, ya kuma rufe ta da igiya. Hanyar Buza zuwa Keita an ce kilomita sittin da wani abu ce, amma wanda ya auna ta bai lissafa hawa da gangara da tsalle ba. Duwatsu baƙaƙe ko'ina, an jera su layi-layi a jikin tudu don tare ruwa. Waɗanda suka tsere daga layin duk sun taru a kan hanya suna jiranmu.

Ƙarfe tara da minti goma taya ta fashe. Na tambayi Ɗan Jumma ko yana da wata.

"Akwai, Mushe, sabuwa hil."

"Tana ina?"

"Madawa."

Awa ɗaya da rabi muka yi ana liƙe ta a ƙarƙashin wata ƙaya. Na sayi fura wurin wata mata da ke wucewa zuwa gona, na sha a tsaye, ita ce abin kirki ɗaya da ya same ni a safiyar nan. Muka shiga Keita ƙarfe goma sha biyu da rabi, ina warin albasa har cikin aljihu.

Nomau ya tuba da goge tun shekaru, yanzu sahun farko yake a masallaci, amma gogen yana rataye a ɗakinsa, an rufe shi da buhu, wai don ƙura. Na gaya masa abin da ke tafe da ni, na kunna masa. Da gogunan Turawa suka ɗauka gaba ɗaya ya yamutsa fuska.

"Su nawa na?"

"Sun kai sittin."

"Mutum sittin, aikin mutum guda. Suna da lokaci."

Amma da aka kai tsakiya, inda kowa ke yin shiru a bar goge ɗaya yana maimaita wasu amo uku, sai ya ɗaga hannu. Ya ce wannan ba kiɗan maza ba ne. Waƙar goyo ce ta matan Azna na wajen Tamaske, tun kafin su musulunta, kuma kowace uwa sunan ɗanta take sakawa a wurin nan da ake maimaitawa. Ya tambaye ni me Nasaran ya sa wa kiɗan. Na gaya masa, ina shirin ba shi labarin yariman sahara mu yi dariya tare.

Bai yi dariya ba. Ya dube ni yadda nake duban ɗalibai a da.

"To kai, Mushe, mi kaka nema? Tanoma ai tana nan Tamaske. Hajiya Tanoma, ta unguwar gabas. Uwatta anka kai bariki."

Sati biyu ina yi wa Turawa dariya don ba su san sunan mace ba ne, ban taɓa tambayar kaina wace macen ba. Na kwana Keita a gidan wani dillalin tumatir, cikin ladabi fiye da yadda na shigo.

Alhamis: Tamaske

Ƙarfe bakwai na hau kabu-kabu, kilomita goma sha bakwai ko sha takwas, minti arba'in. Tamaske gari ne da rabin mazansa suke ƙasashen waje, gidajen siminti masu ƙofar ƙarfe a kulle, tsofaffi da mata suna gadi. Sau biyu kawai na yi tambaya aka kai ni gidan Hajiya Tanoma.

Surukarta Rabi ce ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Hajiya Tanoma tana zaune a bakin ɗakinta tana tsince busasshen tumatir da lalube, don idanun sun tafi. Ta doshi casa'in. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da gajiya da mutanen Madawa. Da na ambaci bariki da ɗan likita, sai hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Wurin wadda tab bar ni ta tahi renon ɗan Nasara kaz zaka?"

Na ce ai ba da son ranta ta tafi ba. Ta ce ta sani, an gaya mata, amma jariri ba ya shan bayani. Tana da wata uku aka ɗauke uwar. Kakarta ta raine ta da nonon akuya da kunu. Bayan shekara shida uwar ta dawo da zane biyu da kwanon sha na ƙarfe. Ita kuwa 'yar fari ce, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari a wancan zamani: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta dubansa a gaban mutane, balle ta yi masa waƙa. Ƙannenta bakwai duk an goye su an yi musu waƙa da sunayensu tana ji. Ita ke ce, ko waccan, har uwar ta mutu.

"Sun ce kunya ta. Ni kau cewa nike ta manta. Ko sau guda ban ji sunana bakinta ba, ɗana, ko sau guda. To mi za ni ba Nasara? Sun ɗauki nono, yanzu suna suka so?"

Ga sunan da na yi kwana uku ina nema yana cikin bakinta, ga shi kuma tana da gaskiyar hana ni. Sai na ciro takardun, na ce ta yi haƙuri in karanta mata wuri ɗaya da mai kiɗan ya rubuta da hannunsa, ɗiyarsa ta haɗo cikin takardun, daga nan in ta ce in tashi zan tashi. Na fassara mata a hankali. Ya ce abin da ya fara tunawa a duniya shi ne, kullum da yamma matar takan goye shi ta zagaya bayan katangar bariki, inda babu kowa, ta fuskanci arewa, tana bubbuga shi tana waƙa, tana cewa Tanoma, Tanoma, har ya yi barci. Ya ɗauka sunansa ne. Ya ce da aka kai shi Faransi abin da ya hana shi magana wata uku shi ne babu mai kiransa da shi.

Daga barikin Madawa, in ka fuskanci arewa, nan kake dubawa. Ban faɗa mata haka ba, ta fi ni sani.

Na kunna kiɗan. Ta zauna ba motsi, mutum sittin suna ta fama, kaji suna yawo a tsakar gida. Da aka kai wurin da goge ɗaya ke maimaita amo ukun nan, sai ta ɗan karkato da kai.

"Sake."

Na sake. Ta ce in sake. A na ukun Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige madafa. Ni ma, in faɗi gaskiya, tausayi ya kama ni har na ƙi ɗaga kai, na yi ta duban tabarma.

"Can babu surukkai," in ji Hajiya, ba da ni take ba. "Babu mai jin ta. Ashe tana hwaɗi."

Sa'an nan ta ce ita ba za ta iya faɗin sunan uwarta da bakinta ba, ba ta taɓa ba, ba kuma za ta fara da tsufa ba. Ta sa aka kira mata maƙwabciyarta, wata tsohuwa sa'arta, wadda ta shigo tana dogara sanda tana faɗa don an tashe ta daga cin goro. Ita ce ta faɗa mini: Gwamma. Na rubuta da manyan baƙaƙe.

"Ka rubuta?" in ji Hajiya.

"Na rubuta, Hajiya."

"Ƙara. Ka sa uwar Tanoma. Ba a taɓa ce mata haka ba. Kuma ka gaya ma ɗiyar nan ubanta ƙanena na, shi yas sha rabona. In tana da tarbiyya ta aiko da gaisuwa wurin gwaggonta."

Na ci dambu da man gyaɗa a gidan, don Rabi ta ce ba a fita gidansu da yunwa. Kafin in tashi na cire ɗan katin da kiɗan ke ciki na sa wa Rabi a salularta.

Juma'a: komawa gida

Ta hanyar da na zo na koma, ba don na ji daɗinta ba. Na bar Keita ƙarfe shida, na yi Juma'a a Buza, na iso Madawa ƙarfe biyar saura kwata na yamma, gwiwa ta kumbura, kai cike. Tun kafin in cire takalmi na aika wa Lawali sunan da dukan labarin.

Kwana biyu amsa ta zo. Dattijuwar ta ce ta yi kuka, ta ce an gyara layin, yanzu Gwamma, uwar Tanoma, ta Tamaske, tana shafi na farko. Ta aiko wa gwaggonta gaisuwa da muryarta, da wata Hausa da Lawali ya koya mata wadda Allah kaɗai zai ba shi ladanta. Ta kuma tambaya, cikin ladabi, ko za a iya barin maganar yariman sahara, tun da an riga an buga ta a bayan fayafayen uban duka. Na ce a cire. Mutum ya yi shekara tamanin yana amsa kiran da ba shi ake yi wa ba, ya isa haka.

Godiyata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Malam Yohanna da Alhaji Idi da Nomau, da ɗalibina da ya ciyar da ni bai tuna mini baya ba, har da Ɗan Jumma, wanda nake yi wa fatan wata rana shi da sabuwar tayarsa za su yi tafiya tare.

Jiya Rabi ta kira ni. Ta ce Hajiya ta hana kowa sakat, kullum da hantsi sai an kunna mata. Farkon ba ya damunta, tana ma tsintar tumatirinta ana yi. Amma in an kai wurin da goge ɗaya ke kira, sai ta ajiye faifan ta gyara zama.

Na ce, to sai me take yi?

"Amsawa takai, Baba. Cewa takai, na'am."